Ranar da Na Tsare Mararraba

Broken Hill,
Farkon watan Mayu.

Zuwa ga aminiyata Glenys,

Ina gaishe ki da kyakkyawar gaisuwa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Ron. Yaya gwiwarsa bayan aikin da aka yi masa? Yaya jikoki da sanyin bakin teku?

Shekaruna saba'in da shida, Glenys, kamar yadda kika sani tunda a benci ɗaya muka koyi karatu, kuma ba na bukatar tausayin kowa, har da naki. Na fara da wannan ne domin na san ɗana Graeme ya kira ki, kuma na san irin muryar da ya sa, wadda yake yi tun yana yaro idan zai kai ƙara.

Ga gaskiyar magana. Wata safiya babur ɗina ya kwanta a ƙofar gareji. Ki lura, shi ne ya faɗi, ni ina tsaye a kan ƙafafuna. Sai dai na kasa ɗaga shi, har maƙwabcina ya fito da burushi a baki ya taya ni. Matarsa kuwa ba ta iya riƙe labari. Kafin mako ya zagayo sai ga Graeme daga Adelaide da hotunan wani ɗaki da ya gina a bayan gidansa, har da ƙarfen dafawa na tsofaffi a bangon banɗaki. Ya ce, "Mama, ki sayar da dodon nan ki dawo wurinmu, hankalin kowa ya kwanta." Na tambaye shi ko akwai wurin ajiye babur. Ya ce akwai wurin ajiye kujerar hutawa.

Mun rabu a kan sharaɗi. Ƙungiyarmu ta tsofaffin mahaya za ta yi tafiyarta ta shekara zuwa gandun hamada na Sturt, mu kwana a tanti. Idan babur ya sake kwanciya a wannan tafiya na kasa ɗaga shi ni kaɗai, zan sayar. Na ba shi kalmata. Duk shekarun da na yi ina shugabantar makaranta ban taɓa saɓa wa yaro alkawari ba, kuma ba zan fara da nawa ba, ko da ya yi furfura.

Na ɗaure tanti da bargo da tukunyar shayi. Gobe da sassafe za mu kama hanyar arewa. Ki gaishe da Ron.

Taki,
Merle Pascoe.

Tibooburra,
Tsakiyar watan Mayu.

Aminiyata Glenys,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙasar jan yashi, da fatan kuna lafiya ke da iyali baki ɗaya. Ni ma lafiya ƙalau nake, in ban da hancina da rana ta ƙona. Ina rubuto miki ne a kan teburin masauki, bayan na yi wankan kirki na farko tun da muka shiga daji.

Dole in bayyana miki ƙa'idar tafiyarmu, in ba haka ba ba za ki gane abin da na aikata ba. Akwai jagora a gaba, akwai mai rufe baya a ƙarshe. Duk inda hanya ta rabu, jagora zai nuna wa wanda ke biye da shi ya tsaya a wurin, ya miƙa hannu yana nuna wa sauran inda za su bi. Wanda aka tsayar ba ya gusawa, ko sama za ta faɗo, sai mai rufe baya ya iso. Shi kuma mai rufe baya ba ya wuce kowa. Da wannan ne ba a taɓa batar da mutum ba a inda waya ba ta aiki.

Jagoranmu Wal Trezise ne, wanda na koyar a aji uku, yanzu ga shi da sanƙo da jikoki amma har yau idan na kalle shi sai ya gyara rigarsa. Mai rufe baya kuwa Noel Angove ne, ɗan shekara tamanin, mai babur da kwando a gefe da kafaɗa ɗaya da ba ta aiki.

Ranar da muka bar kwalta muka hau burji, Wal ya tsayar da ni a mararraba ta farko. Na ja gefe, ashe gefen garin yashi ne mai zurfi. Taya ta nutse, babur ya kwanta a hankali kamar saniya mai neman hutu. Na gwada ɗaga shi ta kowace hanya da na sani, bai motsa ba. Sai na jiyo ƙarar sauran suna tahowa.

Glenys, mutum biyu sun isa su ɗaga shi cikin ƙiftawar ido. Amma na tuna ɗakin nan mai ƙarfen dafawa. Sai na kaɗe wandona, na tsaya a gaban babur, na miƙa hannun hagu kamar ɗan sanda. Duk wanda ya iso sai ya rage gudu ya ce, "Malama, lafiya?" Ni kuma in ce, "Lafiya lau, taya nake dubawa. Hagu, ka kama gabanka." Rabinsu ɗalibaina ne a dā. Ba wanda ya yi mini musu.

Da ƙura ta lafa na koma ina kokawa da shi, har Noel ya iso. Ya kashe inji ya ce, "Merle, wa ya harbe miki doki?" Muka haɗa ƙarfi, ni da bayana, shi da kafaɗarsa guda, babur ya ɗago kaɗan ya koma. Na ce ya wuce ya kira wani. Ya ce ko firayim minista ne ya ba shi umarni ba zai bar mutum a baya ba, balle ni. Ya fito da shayi da biskit, muka zauna a ɗan inuwar kwandonsa, wasu jiminonin emu suka zo suna leƙenmu kamar masu duba makarantu.

Sai da na sha rabin kofi sannan abin ya faɗo mini. A kowace mararraba da ke gabanmu akwai wani tsoho tsaye a rana, hannu a miƙe, yana jiran Noel, shi kuma Noel yana zaune yana jirana. Na shanya ƙungiya guda a hamada, kowa a kwanarsa.

Da Wal ya isa masaukin tanti ya waiwaya ya ga ba kowa, sai ya juyo yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Suka iso mini jajur kamar tumatir, ƙudaje sun gama da su. Coral, wadda ta yi aikin jinya a asibitinmu, ta ce ta tsaya har hannunta ya manta yadda ake sauka. Suka ɗaga babur kafin in ajiye kofi. Wal ya cire hular kwano ya ce, "Malama, ba ke kika koya mana ba cewa wanda abu ya shige masa duhu ya ɗaga hannu?" Na ce masa hannuna a ɗage yake tun safe, kuma ya gyara tsayuwarsa idan yana magana da ni.

Da yamma muka gasa naman tumaki da burodi a cikin toka, suka yi ta yi mini tsiya har na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Daga baya Coral ta ce ita dai ba ta ga komai ba. Noel ya ce idonsa ya daɗe da lalacewa. Wal ya ce ba shi da lambar Graeme, ko yana da ita ma ya goge. Wato sun ba ni hanyar tsira.

Washegari na hau tudun yashi ina kallon rana tana fitowa a kan filin nan da ba shi da iyaka. Ba zan ɓoye miki ba, tunanin cewa wannan ne ganina na ƙarshe bai yi mini daɗi ba. Ban yanke shawara ba tukuna. Kada ki ce wa Graeme komai.

Taki a kullum,
Merle.

Broken Hill,
Ƙarshen watan Yuni.

Glenys aminiyata,

Ina miƙo gaisuwa gare ki da Ron, da fatan sanyin bana bai takura muku ba. Takardarki ta iso. Na gode da kika yi dariya maimakon nasiha.

Ni da kaina na kira Graeme na gaya masa duk abin da ya faru, har da tsofaffin da na shanya. Sai ya ce zai sa a yi wa ɗakin fenti, wane launi nake so. Yaron kirki ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

Na cika alkawari. Wal ya sayi babur ɗin. Da ya zo ɗauka na ba shi umarni a kan mai da sarƙa har ya gaji, kuma na tsaya a ƙofa sai da ƙararsa ta ɓace. Ranar ban ci abincin rana ba.

Kashegari na hau bas zuwa wurin wani mai sayar da tsofaffin babura. A can baya akwai ɗan ƙaramin ja, irin na masu raba wasiƙu. Na ce ya fito da shi fili. Ya fito da shi, na ture shi ƙasa. Mutumin ya riƙe baki. Na sunkuya na ɗaga shi, na sake ture shi ta ɗaya gefen, na sake ɗagawa, sannan na tambayi ko yana da yashi a bayan shago. Yana da shi. A nan ma na ɗaga.

Ba ya gudu, akuya mai himma za ta iya wuce shi. Amma likita ya hana Noel doguwar tafiya saboda kafaɗarsa, ƙungiya tana neman mai rufe baya, shi kuwa wannan aiki ba ya bukatar gudu.

Saboda haka ki sani, kuma ki sanar da duk mai shirin yi mini jaje: na sayi ɗan jan babur, yana cikin garejina, ƙungiya ta naɗa ni mai rufe baya, kuma na riga na gaya wa Graeme ya ba wata ɗaliba hayar ɗakin, ta zaɓi launin da take so.

Ki gaishe da Ron da jikoki.

Aminiyarki,
Merle Pascoe.