Motar Alhaji Fatai Tana Kulle Kanta

Fagge, Kano
9 ga Yuli, 1999

Zuwa ga Oga Nwabueze, Baban Nkechi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya aiki, yaya yara, yaya muka ji da ruwa? Na ba matarka Felicia wannan takarda da ta zo ɗaukar atamfa, don ka san ina cikin takaba, ba ni da ikon taka ƙofar gida sai ƙarshen Agusta.

Zan fara da ƙorafi, ka san halina. Daga garejinka na Sabon Gari zuwa gidan nan, ko gurgu ya isa kafin shayi ya huce. Yau kwana tamanin da rasuwar amininka Alhaji Fatai, shekara ashirin da biyu kuna cin abinci a kwano ɗaya, amma ban ji sallamarka ba. 'Yan Kantin Kwari sun zo, har waɗanda ba sa ga maciji da shi. Felicia ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da kai. Wannan zazzaɓi mai wata uku, Allah Ya sawwaƙe.

Ga abin da ya sa na rubuto. Motar da ka kawo masa daga Kwatano, wadda ya cika a cikinta, tana nan a tsakar gida daidai tagar ɗakina. Ƙaninsa Habeeb yana tayar da ita kullum da safe saboda batir, ya wanke ta tas. Amma da ƙarfe biyu na rana ta yi, lokacin da Alhaji ya saba shigowa cin abinci, sai in ji ƙas! Ƙofofi huɗu sun kulle kansu. Babu kowa a ciki, makullin kuma yana ƙarƙashin matashina. Ranar farko har na miƙe zan zuba masa amala, sai da na ɗauki kwano na tuna.

Habeeb ya kira Malam Gana, ya yi karatu, ya turara ta ciki da waje. Washegari da ƙarfe biyu ta sake yi.

Ina so ka zo ka duba ta, kai ne mai wayarin ɗinta tun farko. Ranar Asabar ashirin da takwas ga Agusta, bayan na fita takaba, Habeeb zai kai ni Ogbomoso wurin tsohuwar Alhaji, da ni da 'yata Azeezat da jaririnta, kuma a wannan motar za mu. Gilashin baya da aka fasa ranar da aka fito da shi an riga an sa wani. Saura mariƙin buɗe ƙofar direba na ciki, ya karye. Habeeb ya ce wataƙila masu ciro shi ne suka karya garin sauri.

Ka gaida Nkechi da ƙannenta. Na bar ka lafiya.

Hajiya Falilat, Maman Azeezat


Sabon Gari, Kano
15 ga Yuli, 1999

Zuwa ga Hajiya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi miki ta'aziyyar Alhaji. Allah Ya ji ƙansa, Ya ba ki haƙuri. Na karɓi laifin rashin zuwa, ba ni da abin cewa.

Game da mota, ba iska ba ce, ba kuma wani abin ɓoye ba. Irin waɗannan motocin da lantarki suke kulle ƙofa. Akwai ɗan maɓalli a jikin ƙofar direba, idan ruwa ya shige shi, rana kuma ta buga, yakan taɓa kansa da kansa. Ki hana Habeeb watsa mata ruwa ta gefen gilashi.

Shawarata ita ce a sayar da ita ga masu yanka mota su sayar da kayanta. Zan samo mai saye. Tafiyar Ogbomoso kuma ga manyan motoci nan suna tashi kullum, sun fi daɗin doguwar hanya. Kada a shiga wannan motar.

Aiki ya yi yawa a gareji. Tun da sojoji suka miƙa mulki, kowane sabon kansila mota yake nema, ba ma samun zama. Idan na sami sarari zan leƙo.

Felicia tana gaisuwa. Ki huta lafiya.

Naki mai girmamawa,
Nwabueze


Fagge, Kano
3 ga Agusta, 1999

Baban Nkechi,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kansiloli sun bar ka ka numfasa.

Na karanta takardarka sau uku, ban ji muryarka a ciki ba. Kai da kake zama a shagon Alhaji kana zuba kamar rediyo har ya ce ka bar masu saye su yi ciniki, yau ka rubuto mini kamar ma'aikacin haraji. Sannan kai da kake rantsuwa babu wayar da ta taɓa gagarar ka daga nan har Anacha, yau kai ne mai cewa a yanka mota saboda maɓalli ɗaya?

Ba zan sayar ba. Ka bar ni in faɗa maka dalili, ko ka ce tsohuwa ta fara ruɗewa.

Ka san yadda ya tafi. Ranar Talatar nan ta watan Afrilu, tsakiyar zafi, ya yi sallar azahar ya shiga mota inda ya saba ajiye ta kusa da shataletalen Bata, ya ce zai je gida. Ka san kuma tun da ya sayi motar nan yakan kwantar da kujera ya ɗan runtsa kafin ya taso, kowa a layin ya sani, ba mai tashinsa saboda girmansa. Ga gilashin mai duhu, kai ka sa masa. Sai la'asar aka ga ba ya cikin sahu, aka leƙa. Likita ya ce zuciya ce. Maƙwabcinsa na shago ya ce mini ya ma hango shi yana ɗaga hannu ta gilashin gaba, shi ma ya ɗaga masa ya wuce. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce: Hajiya, ki gode wa Allah, cikin barci ya tafi, bai sha wahala ba. Da wannan maganar nake rayuwa.

A ranar na dafa masa miyar ewedu, na jira shi, har na yi ta mita a raina cewa ya tsaya surutu da kai. To yanzu kullum ƙarfe biyu sai in ji ƙas, kamar ya iso ya kulle motarsa zai shigo. Na san mamaci ba ya dawowa, na yi islamiyya. Amma ina jiran ƙarar nan, Baban Nkechi. Tun sha biyu nake fara kallon agogo. Da farko tsoro take ba ni, yanzu in ta makara da minti biyar sai gabana ya faɗi.

Jiya ne dai ta tayar mini da hankali. Azeezat ta shiga ɗauko jakar jariri da aka manta a kujerar baya, sai ta kulle da ita a ciki. Ta ja mariƙi, ya ƙi. Ta danna na gilashi, shiru. Ina kallon bakinta yana motsi ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ruga na ɗauko makulli na buɗe ta waje. Bai fi minti uku ba, amma ta fito jiƙe da gumi tana dariya tana cewa Baba ne yake tsokanarta. Ni ban yi dariya ba.

Habeeb ya ce shi zai iya da ita, zai riƙa barin gilashi a sauke. Saura kwana ashirin da biyar. Ka zo ka gyara, ko ka gaya mini abin da kake ɓoyewa. Felicia ta ce ba ka cin abinci, kuma ka daina bi ta Bata, sai ka zagaya.

Allah Ya ba mu lafiya.

Maman Azeezat


Sabon Gari, Kano
24 ga Agusta, 1999

Hajiya,

Ina gaishe ki. Wannan ita ce takarda ta biyar da na fara, huɗu na yaga. Da na karanta abin da ya sami Azeezat na ajiye sukurdireba na ɗauki biro.

Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi abin da kika ga dama da ni.

Motoci uku iri ɗaya ƙanina Ikechukwu ya turo mini daga Turai bara. Ta Alhaji a hannun wata tsohuwar Baturiya ya saya. A watan Janairu kamfanin da ya ƙera su ya rubuta wa duk wanda ya sayi irinsu cewa a dawo da su, maɓallin kulle ƙofa yana da aibi. Idan ya jiƙe ko ya yi zafi yakan kulle ƙofofin duka, mariƙin ciki ya daina aiki, ya kuma ƙona fis ɗin gilashi. Suka ce a kawo a canza kyauta, kada a jinkirta. Tsohuwar nan ta riga ta sayar, amma ta nemi Ikechukwu har wurin aikinsa ta ba shi takardar. Shi kuma ya sako mini a gidan waya, ya ja layi da jan biro. Ta iso hannuna a watan Fabrairu, wata biyu kafin rasuwar Alhaji.

Dariya na yi, Hajiya. Na nuna wa abokan aiki, muka ce to a ɗora motar a ka a mayar musu Turai. Mu nan duk abin da Bature ya ce ya mutu, mu muke tayar da shi. Da Alhaji ya kawo ta juyen mai na buɗe ƙofar, na hure maɓallin, na naɗe shi da baƙin salatif, na mayar. Minti goma. Yana zaune a benci yana cin gyaɗa ya tambaye ni:

"Nwabu, me kake nema a cikin ƙofa?"

Na ce masa, "Ƙura nake sharewa, Alhaji."

Ban gaya masa ba don kada ya ce amininsa ya kawo masa mota mai ciwo. Kullum yana yabona a gaban mutane, yana cewa hannuna ya fi na kamfani. Da na ce masa kalma ɗaya, da ya riƙa barin gilashi a buɗe.

Ranar da abin ya faru na iso Bata an riga an tafi da shi. Ni na tuƙo motar zuwa gidanki, na ba Habeeb makulli a ƙofa na juya. Kafin in tayar da ita na duba fis, ya ƙone. Na canza shi da hannuna, ban gaya wa kowa ba. Mariƙin ƙofar kuma ba masu ciro shi ne suka karya ba, su ta baya suka shiga. A ƙasan kujerar direba na tsince shi, yana cikin durowata har yau tare da takardar kamfanin. Wani mai shayi a wurin ya ce ya ji hon ya daɗe yana kuka wajen ƙarfe biyu. Amma a Bata wa yake juyawa don hon?

Ban sani ba ko zuciyar ce ta fara, ko ƙofar. Likita ma ba zai sani ba. Abin da na sani shi ne ba barci yake yi ba, kuma hannun da ya ɗaga ba gaisuwa ba ce.

Mota ta biyu na je na cire mata maɓalli a satin rasuwar. Ta Alhaji kuwa na kasa shiga gidan, na yi ta gaya wa kaina ai a ajiye take. Ta uku wani ɗan siyasa ya saya ya ba da ita kyauta lokacin zaɓe, an ce tana wajen Gaya, an ce Haɗeja. Ban same ta ba.

Gobe da safe zan zo da kayan aiki. Idan kin ce kada a buɗe mini gida, to don girman Allah ki sa Habeeb ya cire kan batir, kada kowa ya shiga. Ba na neman ki yafe mini. Ki bar ni in cire abin nan kawai.

Nwabueze


Fagge, Kano
27 ga Agusta, 1999

Nwabueze,

Ina gaisuwa.

Na ji shigowarka ranar Laraba, ina bayan labule. Na ji ka tsaya a tsakar gida ka daɗe kafin ka taɓa motar. Habeeb ya kawo mini maɓallin da mariƙin a leda kamar yadda ka ce. Maɓallin ko girman ƙwallon dabino bai kai ba, salatif ɗinka yana nan a jikinsa. Ban gaya wa Habeeb komai ba, ban gaya wa Azeezat ba. Su ci gaba da cewa cikin barci ya tafi. Ni kaɗai ka ƙwace wa wannan.

Jiya na fita takaba. Gobe za mu tafi Ogbomoso, a babbar mota. Tsohuwarsa za ta tambaye ni yadda ya cika, ban san me zan ce mata ba tukuna.

Maganar yafiya, ka ce ba ka nema, ni ma yanzu ba ni da ita. Ka rufe garejin nan ka tafi Gaya, ka tafi Haɗeja. Akwai wata mata a can da take dafa abinci tana jiran mai motar nan ta uku. Ranar da ka kawo mini maɓallinta a leda, ka yi sallama da ƙarfi, zan fito.

Motar ta yi shiru tun da ka tafi. Yau ma na zauna a bakin taga tun sha biyu. Ƙarfe biyu ta yi, ta wuce, ba wanda ya iso.

Ka gaida Felicia.

Falilat