Ƙofar shagonmu da Philippe ya karkatar

Zuwa ga ɗana Zulkifilu a Duwala,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Kausar da yara. Mu nan Garwa sai godiya, ƙafar babanka ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa.

Zulkifilu, ba na cin abinci ya zauna mini. Shafin intanet da ka buɗe mana na kifi banda na Lagdo, an sace masa ƙofa. Mako uku mai otel na Marwa bai nemi kifi ba. Da na kira shi sai ya ce ai yana nema ta shafinmu, wata mai suna Jeannette ce ke kai masa. Na ɗauki waya na rubuta sunan shafin harafi bayan harafi, yadda ka koya mini. Ina kallo sunan ya juye ya koma na shagon Jeannette. Idan na sa www a gaba namu ne ke buɗewa, idan ban sa ba nata ne. To wa ke sa www ban da ni?

Na je shagon Philippe, wanda ka bar wa kalmar sirrin sabar, wato na'urar da ke ɗauke da shafinmu. Ya yi dariya a gaban mutane, ya ce wadda ta koyi karatu da furfura ba ta san abin da take dannawa ba. Daga baya na ji Jeannette ƙanwar matarsa ce.

Don Allah ka shiga sabar ka cire umarnin da ke tura mutane wurinta, ka sa sunayen biyu su kawo gidanmu, sannan ka canja kalmar sirri. Kada ka faɗa wa Philippe. Malam Jibril ya ce in yi haƙuri, ramin mugunta gajere ake gina shi. Na ce zan yi, amma sai bayan na koma shagon Philippe lokacin da ya cika da mutane, in ka gama gyaran. Shi zai rubuta sunan da yatsansa, ni kuma in karanta wa jama'a sunan shagonmu da ya fito, da ƙarfi, har sau biyu.

Ka gaida Kausar, ka shafa mini kan Umar Faruƙ da Nazira. Babanka da Ummuhani suna gaishe ku.

Mahaifiyarka Dela,
wadda ta rubuta wannan da hannunta.