Kilim ɗin da ke gasa mini ƙafa

Tanti Hauwa, ki taimake ni. Amma ki fara amsa mini wannan: mene ne yake sanyaya kan tsohuwa yana dafa ƙafarta? Kada ki wahala, kilim ɗina ne, na'urar sanyaya ɗaki.

Ɗiyata da ke aure a Maraɗi ta aiko mini shi a kwali biyu, da tiyo na jan ƙarfe, da ƙusoshi, da takarda mai hotuna. Ta ce mu jira mai aikin sanyi. Jikana Nura, mai gyaran injin ban ruwa a bakin tafki, ya ce babu baƙon da zai taɓa bangon matarsa, wato ni. Ya kafa ƙaramin, farin mai hura sanyi, a saman gadona, ya yi kyau. Babban mai fanka kuwa, wanda hoto ya nuna a waje, ya ajiye shi cikin ɗakin, wajen ƙafar gado, wai kada ɓarayi su kwance shi ko awaki su tauna wayar.

Yanzu kaina na cikin sanyin asuba, ƙafafuna na cikin tanda. Na gwada juyawa, sai abin ya juya. Kuɓewar da na shanya a gabansa ta bushe yini guda, wannan kam na yaba.

Ga damuwar. Tun yana goye nake tsokanarsa, ina ce masa raggon miji. Sau uku ina faɗa masa aikin bai yi ba, yana dariya, wai kishi nake da hannunsa. Na ɗaure fuska, ya ce na iya wasa. Ga shi limamin unguwarmu ya ce ran Asabar Nura zai kafa masa nasa. In ya dafa liman, sunansa ya ɓaci a Madarumfa, har masu lambu su daina kawo masa inji. In na kira wani a ɓoye, na kunyata shi. Ya zan yi?

Tsohuwa mai gasasshiyar ƙafa

Inna, sannu da haƙuri. Ki kashe kilim ɗin tukuna. Babban nan aikinsa fitar da zafin da farin ya kwasa. In yana ciki, zafin yana dawowa ɗakin, injin yana wahala har ya ƙone.

Nura bai yi wauta ba da ya tuna ɓarayi, kuma hannunsa ya san inji. Sai dai kwali kaya yake kawowa, ba ya kawo sanin aiki. Mai aikin sanyi zai maida gaz cikin inji kafin a kwance tiyo, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya duba yoyo da ƙarfin wayar wuta. Kada Nura ya kwance shi da kansa, gaz ɗin zai tsere.

Shi zai kira mai aikin, ba ke ba. Ya tsaya ya ga yadda ake yi, ya sa a ƙera kejin ƙarfe mai kwaɗo a waje, sannan su tafi gidan liman tare.

Batun ya yarda kuwa, ki bar magana, tun yana goye kina ɓata ta da wasa. Gobe da azahar ki shimfiɗa masa tabarma wajen ƙafar gado, ki kunna, ki ba shi fura, ki ja ƙofa. Minti goma sun isa. Allah ya ƙara lafiya, ya bar ki da angonki.

Tanti Hauwa