Injin Tafiyar Hamma Joda

Unguwar Dogo Tebo,
Potiskum,
14 ga Maris, 1996.

Zuwa ga ɗana Safiyanu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, kuma ruwan Fatakwal bai wanke maka Fillancinka ba. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan kowa lafiya. Innarka Mairam ta warke daga ciwon haƙori, bakinta ya dawo aiki har ya fi da.

Bayan haka, injin tafiyar da ka aiko wa babanka ya iso. Ka yi dabara da ka zaɓi wanda ƙafa ke juyawa, ba ruwansa da wuta. Ka san likita ya ce in yayan nawa Hamma Joda bai riƙa tafiya ba, hawan jinin nan zai kwantar da shi, ga ƙafafu sun fara kumbura har sallah yake yi a zaune. To amma a garin nan dattijo ba ya tafiya a ƙasa. Da ya leƙo ƙofar gida mai babur zai tsaya ya ce Alhaji hau, in ya ƙi a ce ya yi fushi da uban yaron, ko a ce karayar arziki ta same shi.

Sai dai ranar da muka kwance kwalin, babanka ya zagaya injin kamar mai taya saniya, ya tambaye ni ina yake zuwa. Na ce ba ya zuwa ko'ina. Ya ce shi da ya kora shanu da ƙafa daga nan har Kurmi, ba zai tsufa yana tafiyar da ba ta da zango ba. Innarka ta roƙa, na yi wa'azi, ko gezau.

Ni kuwa dillalin shanu ne, na san ba a tura bijimi ta gaba. Ran Laraba bayan an tashi daga kasuwar shanu na jawo Alhaji Umara, Babarbaren nan abokin wasansa mai sayar da kanwa. Tun a hanya na karanta masa darasi. Yana shiga ya naɗe babbar riga ya hau, yana taku yana cewa ai dama abin sarakuna ne, bawansa Bafillace ba zai iya ba, ƙafafunsa kamar sillen kara. Safiyanu, ka ga idon babanka! Ya ce a sauke masa wannan mai zanen fuskar kafin ya karya kayan mutane. Ya karɓi sandarsa, ya gicciya ta a kafaɗa, ya hau ko riƙe ƙarfen bai yi ba. Da farko ya yi tangaɗi, can sai ƙafa ta tuna aikinta.

Yanzu kullum da hantsi Umara yana nan. Wannan ya hau, wancan ya zauna yana zaginsa, sannan su yi musanya. Kumburin ya saɓe, likita ya gwada ya yi murmushi, kuma Juma'ar da ta wuce a tsaye babanka ya yi sallah a gefena. Na yi hawaye, na ce masa kwalli ne.

Saura abu ɗaya. Kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ya kamawa, balle ya gode maka. Ya ce in rubuta wa wancan na Fatakwal cewa abin yana nan a ajiye. To na rubuta. In ka zo Babbar Sallah ka tarar an lulluɓe shi da zane, kada ka tambaya. Ka dubi yadda zai taso ya tarye ka, wannan ita ce godiyarka.

Ka gai da matarka Fauziyya da 'yarku, amaryata Ikhlas, ka ce angonta tsoho yana nan. Innarka da Goggo Asta da Auwal suna gaishe ku.

Naka har kullum,
Baffanka Bubayaro.