Raƙumin da Na Ƙirƙira a Hanyar Bakin Teku

Gwaggo Maiturare, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, saura mako uku mu tashi kuma na kasa zaɓar hanya. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi boko ba, allon wani malami Bazazzagi a Misfala, unguwarmu a nan Makka, shi ne iyakata. Wannan rubutun ma a waya na koye shi, wajen tsokanar 'yan'uwanmu na Kano. Sunayen da zan faɗa duk na canza su.

Baffana Dawuda, ƙanen mahaifina, ya ajiye tuƙin bas a Kudai, ya sayi karafan, motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Yana so ya kai matarsa Umma Maryama da 'yarsa Ghada ƙasar Urdun su sha iska, su ziyarci shahidan Mu'uta. Idonsa ya yi rauni, don haka ni ne direba. Ya kuma ce tunda sunna ce matafiya su naɗa shugaba, ni ne amirin tafiya, hanyar da na zaɓa ita za a bi, ko shi ba zai musa ba. Ni da ko limancin yara ba a taɓa ba ni ba!

Hanya biyu ce. Ta farko ta bakin teku: Jidda, Yanbu, Umluj, Wajh, Duba, sai Haƙal, a tsallaka ta iyakar Durra a faɗa Aƙaba. Ta biyu ta tudu: Madina, Taima, Tabuka, a tsallaka ta Halat Ammar. Da a ce tsawo ne matsalar da ban dame ki ba, waya ma ta iya wannan lissafin. Abin da ya hana ni sukuni daban ne, kuma ke ce mutum ta farko da zan faɗa wa.

Ni mutum ne mai tsokana, Gwaggo, duk unguwarmu an san ni. Ni ne nake leƙowa ta lungu in ƙwala "Baladiya!" masu kasa kaya a gefen titi su naɗe tabarmi su watse, alhali babu ko ma'aikacin hukumar gari ɗaya. A aikin Arfa ni nake zura wa abokan aiki ƙanƙara a wuyan riga. Kowa zagina yake yana dariya. Wanda ya fi kowa shan wuyata shi ne Rakan, ɗan Baffa Dawuda, sa'ana, tare muka tashi. Shi shiru-shiru ne, in na dame shi sai ya harare ni ya ce min shaiɗanin Misfala, daga nan ya fashe da dariya.

Shekara biyu ke nan muka tafi Duba ni da shi a ƙaramar motarsa, zai duba wani aiki. Tsakanin Umluj da Wajh, bayan azahar, rana tsaka, titi fetal babu kowa, na ga ya yi shiru yana tuƙi. Kin san yadda direbobin ƙasar nan suke tsoron raƙumi a kan titi. Sai kawai na daki gaban mota na ƙwala, "Raƙumi!" Na sha yi masa haka, yakan taka birki ne ya zage ni. Ranar sai ya murza sitiyari. Motar ta yi juyi uku. Ni na fito da karaya a kafaɗa. Shi ko kalmar shahada ban ji ya samu ya yi ba.

Gwaggo, wallahi babu raƙumi. Ko akuya babu.

Da jami'in hanya ya tambaye ni a asibiti, bakina ya riga ni, na ce raƙumi ne ya faɗo mana. Ya rubuta. Da Baffa ya zo ya rungume ni yana kuka yana gode wa Allah da ya bar masa ɗaya, sai na kasa warwarewa. A zaman ta'aziyya duk wanda ya shigo sai ya tambaya, ni kuwa gwanin labari ne, nan ne gwanintata ta ci ni. Na ce raƙumin ja ne. Gobe na ce akwai guntun igiya a ƙafarsa ta gaba. Wata rana Baffa ya keɓe ni ya tambaye ni ko na ga wasmi, tambarin wutar nan da makiyaya suke yi wa raƙumansu don a san mai shi. Na ce na gani a wuya. Ya miƙo takarda da biro. Na zana da'ira da sanda biyu a gefe, abin da ya zo hannuna kawai.

Takardar nan tana cikin walat ɗinsa har yau, ya sa an manne ta da leda. Ya daina shan nonon raƙumi, ya daina cin namansa. Ko a talabijin aka nuno shi sai ya tashi ya bar falon.

To ni kuma yanzu ina ganin raƙumin nan. Kada ki ce mafarki, ido biyu nake ganinsa, da rana. Ina tsaye a danja a Kudai sai in hango shi ta madubi a bayan bas, ja, da igiyarsa tana jan ƙasa, yana tauna yana kallona. In na waiga babu komai. Rannan a layin shawarma na ji warinsa, har na toshe hanci, mutane suna kallona. Abin da ya fi ba ni tsoro, da can ba shi da tambari, sai bayan da na zana sannan ya fara zuwa da shi a wuya, daidai yadda na zana, har da inda biron ya karkace. Ni na haife shi da bakina, yanzu ya girma yana bi na. Na yi azkar, na sha zamzam, na karanta Baƙara, amma ta yaya zan yi ruƙiyya ga abin da na san ba aljani ba ne?

Karafan ɗin nan burin Rakan ne. Shi yake tara hotunansu a waya yana cewa wata rana sai ya kai iyayensa Urdun. Umma Maryama ba ta fita ko'ina tun rasuwar in ba Harami ba, shi ya sa Baffa ya saya. Ya bar mini zaɓin hanya ne don tausayi, yana zaton ciwon haɗarin ne bai sake ni ba. Amma Ghada ta gaya mini a asirce cewa ransa na kan hanyar teku. Yana so su tsaya a wurin su yi addu'a, ya kafa tulun ruwan sanyi sadaka a masallacin da ya fi kusa. Sannan yana so ya zaga wajen makiyayan yankin da takardarsa. Ya ce mata ba faɗa zai yi ba, so yake kawai ya kalli idon mutumin da ya saki raƙuminsa.

In na zaɓi Tabuka ba wanda zai ce mini don me, ga ziyarar Madina hujja ce mai kyau. Mu wuce lafiya, asirina a rufe, amma na hana uwa tsayawa inda ɗanta ya cika. In na zaɓi teku, sai in tsaya ina kallon Baffa yana nuna wa bayin Allah zanen ƙarya. In kuma aka yi rashin sa'a ya dace da tambarin wani fa? Da'ira da sanda biyu ai ba wani abu ne mai wuya ba.

Shekaranjiya na buɗe baki zan faɗa wa Baffa muna duba tayoyi. Ya ɗago ya ce, "Faɗi mana, ɗana." Sai na ji kaina ina ce masa gadon karafan ɗin ya yi wa tumbinsa kaɗan. Ya yi dariya har da tari. Haka nake, Gwaggo, ko kabarina aka haƙa sai na tsokani mai haƙar. Ki gaya mini, wace iyaka zan bi da su?

Mai Tsokana, Misfala, Makka.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ji ƙan Rakan, ya sanyaya zukatanku. Na karanta wasiƙarka sau uku. Zan amsa maganar hanya tunda ita ka tambaya, amma ba da ita zan fara ba.

Na fahimci dalilin shirunka, kuma ba duka ne son kai ba. Gyambon da ya fara kamewa ba a son fama shi, ga uwa mai rauni, ga dattijon da ya mayar da kai madadin ɗansa. Da a ce maganar ta tsaya a zuciyarka ne kaɗai, da na ce mu zauna mu auna ko faɗar za ta fi shirun amfani. To ba ta tsaya nan ba. Akwai takarda a aljihun mutum mai ciwon rai, kuma tana iya nuna wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko ka bi ta Tabuka bana, Baffanka ya san hanyar Wajh, baɗi zai nemi wani direban. Kauce wa hanyar ba zai yaga takardar ba.

Ka kuma rarrabe abu biyu da ka cakuɗa. Ihun da ka yi wauta ce ta ƙuruciya, ba ka nufi ransa ba, Allah ya sani. Ƙaryar da ta biyo baya ita ce kake sabuntawa kullum da safe, kuma ita ce kake da ikon tsayarwa.

Cikin makon nan ka je wajen malami masani wanda Baffanka yake jin nauyinsa. Ka gaya masa komai kamar yadda ka gaya mini, ka tambaye shi abin da ya hau kanka na kaffara da haƙƙin iyayen mamaci, da yadda za a yi da bayanin da ka ba hukuma. Ni ba mai fatawa ba ce, kada ka ɗauki hukunci daga shafin jarida. Sannan ka roƙe shi ya raka ka wajen Baffa. A gida za a yi maganar, a zaune, ba a kan titi ba, ba kuma a wurin da abin ya faru ba. Baffa shi kaɗai tukuna. Shi ya san matarsa, shi zai san yaushe da yadda za ta ji. Tunda ka san harshenka yana zamewa zuwa raha in ka tsorata, rubuta maganar a takarda, gajeriya, ka karanta masa ita har ƙarshe kafin ka ɗaga kai. A wannan zaman ka mayar masa da amircin. Bai san abin da yake ba ka ba lokacin da ya ba ka.

Abin da kake gani kuwa, kada ka raina shi. Ba hauka ba ne, yakan faru ga wanda ya tsira daga haɗari da nauyi a zuciya, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun san maganinsa. Ka ci gaba da azkar ɗinka, ka kuma je asibiti. Ina faɗa maka da babbar murya: kada ka ɗauki mutum uku a babbar mota ka shiga ƙasar raƙuma a wannan halin. Ko ka taka birki don wanda babu shi, ko ka ƙi takawa don na gaske kana zaton naka ne. A ɗage tafiyar ko a nemi direba na biyu. Urdun ba za ta gudu ba.

In Baffa ya ji komai ya ce har yanzu a tafi, ga ra'ayina. Tsawon hanyoyin bai bambanta sosai ba. Ta teku ta fi garuruwa da wuraren tsayawa, tana kuma sauke ku a Aƙaba, gari mai asibiti da kasuwa. Ta tudu tana da dogayen wurare babu kowa, sai an kula da mai da ruwa, amma za ku kwana Madina, kuma zuciyar da ta sha irin wannan labari tana bukatar Madina kafin komai. Ku tafi ta tudu. In kun isa Tabuka kuna iya tsallakawa ta Halat Ammar, ko ku ratsa zuwa Haƙal ku bi ta Durra ba tare da kun taka wancan wurin ba. A dawowa, in iyayensa suna so, ku biyo teku su yi addu'arsu su kafa ruwansu, babu takarda a hannun kowa. Ku yi tuƙi da rana kawai. Kafin ku tashi ku tuntuɓi iyakar da kuka zaɓa ku ji ko tana karɓar karafan da takardun da ake nema, don dokokin sukan canza. Ku duba wa'adin fasfo, takardar mota, izinin tuƙinka a kanta da inshorar can.

Ba zan yi maka alkawarin zai yafe maka a ranar ba. Yana iya korar ka, yana iya yin wata shida bai amsa sallamarka ba, kuma haƙƙinsa ne. Ka jure, ka ci gaba da gaishe shi, kada ka aika kowa ya matsa masa. Ya rasa ɗa ɗaya, ba na jin zai so ya rasa na biyu har abada, amma lokacin nasa ne, ba naka ba.

Tashi ka nemi malamin nan yau, kafin zuciyarka ta kawo maka wata dabara. Allah ya ba ka ƙarfin faɗa, ya ba Baffanka ƙarfin ji, ya kai ku inda za ku ya dawo da ku lafiya.

Gwaggo Maiturare