Sabulu Sau Biyar a Rana

Daren Laraba, Yakasai

Yau Yaya Hadiza ta kama ni a bakin famfo ina dirza fuskata da sabulu kafin alwalar la'asar. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke Rabi, kowace salla haka kike yi?"

Na ce e mana, sau biyar, tun da ƙurajen nan suka feso min. Ni a ganina tsafta ce maganinsu.

"To ai ke kike ɗaye fatarki da hannunki. Fuska ce fa, ba gindin tukunya ba."

Na ji haushi, don gaskiya ta faɗa. Wata biyu ina zargin man shafawa, na canja masu tsada har uku, ashe laifin nawa ne. Shekaranjiya ma wata ɗalibata a Islamiyya ta tambaye ni ko ƙonewa na yi. Na yi dariya, amma da na dawo gida sai da na yi kuka.

Yaya ta ba ni sabulun salo da man kaɗanya a gwangwanin madara. Ta ce sabulu safe da dare kawai, alwala kuwa ruwa zalla.

Yanzu na shafa. Na yi wa madubi murmushi, kuma karon farko cikin wata biyu fatar ba ta ja ni ba. Alhamdulillahi.