Rufin Kwanon Gidanmu

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya zaman Safana a gidan Kawu Sule? Allah ya saka masa da alheri. Ni lafiya lau nake, barci ne dai ba ya samuwa sosai.

Kun ce in duba muku ƙauye da na'urar da nake karatu a kanta kafin ku koma shuka. Tauraron ɗan'adam ne mai gani ko da hadari ya rufe sama. Kullum malaminmu cewa yake don manoma aka yi shi, a auna gonaki da ambaliya. Amma da na nemi sababbin hotunan yankinmu, sai aka ce na jami'an tsaro ne kaɗai. Na ce wa malamin, "In suna gani haka, me ya hana su zuwa ranar da 'yan bindiga suka kori iyayena?"

Na dai samu hoton watan jiya. A irin hoton nan rufin kwano fari tas yake fitowa. Bara na ƙirga goma sha ɗaya a unguwarmu ta bayan garin Babban Duhu. Yanzu babu ko ɗaya, har namu.

Baba, don Allah kada ku koma bana. Kada a faɗa wa Inna tukuna, ni zan kira ta in faɗa mata da bakina.

A gaida Zuwairatu da yara. Allah ya kawo mana sauƙi.

Ɗanku,
Abdulgaffar